Tuwo Ba Nama: Tarihin Abincin Mutanen Gulbin Rima

Taloka garin manoma ne a ƙasar Goronyo, arewa maso gabas da birnin Sakkwato, ba nisa da Gulbin Rima. Wanda ya bi gulbin nan ya gangara zai iske Wurno, Rabah kuwa tana kudu, a bakin Gulbin Sakkwato. Ƙasa ce ta dabbobi tun fil azal. Nan ne gidan jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, nan ne kuma ake kiwon farin sa mai gajeren ƙaho da ake kira bokolo. Baƙon da ya ga wannan arziki sai ya zaci mutanen wurin nama suke ci safe da maraice.

Ba haka abin yake ba, ba kuwa haka ya kasance a zamanin kakanni ba. Talakan ƙauye ba ya yanka akuyarsa don marmari. Akuya ita ce asusunsa: ita zai sayar ya yi aure, ko ya nemi magani, ko ya sayi hatsi in rumbu ya ƙare, a zamanin Turawa kuma da ita yake biyan haraji. Nama sai ran Babbar Salla, da ran suna, da biki, ko kuwa ran kasuwa mutum ya sayi tsinken tsire ya kai wa yara. Mazauna bakin gulbi sukan sami kifi, da kaka yara sukan kama fara, amma gidaje da yawa sukan yi mako biyu ko uku tukunyar miya ba ta ga tsoka ba. Da ma Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama, watau dai ba tuwon kowa da kowa ba ne. Duk da haka mutanen nan ne suka nome fadama da tudu da fartanya, suka gina ganuwar Wurno, suka yi ta tafiya cin rani da ƙafa har ƙasar Yarbawa da Gwanja. To, da me aka gina jikinsu?

A wasu ƙasashe akwai mutanen da suka bar cin nama da gangan. A Indiya miliyoyin mutane ba su taɓa sa shi a baka ba saboda addininsu, amma suna shan madara suna cin man shanu. A Ingila an kafa ƙungiyar marasa cin nama cikin shekarar 1847, kuma yawancinsu suna shan madara suna cin ƙwai. Cikin 1944 waɗansu suka ware suka kafa tasu, suka ce su ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, har zuma ma ba su sha. Abincin dukansu hatsi ne, da dangin wake, da dangin gyaɗa da riɗi, da ganye, da 'ya'yan itace, da saiwoyi irin su dankali. A ƙasar Hausa babu irin wannan ƙungiya, gama nama halal ne, ba kuwa wanda zai haramta abin da Allah ya halatta. Sai dai akan sami malami ya shiga halwa ya bar cin duk abin da ya fito daga mai rai na 'yan kwanaki. Amma in aka dubi abin da ke cikin akushin manomin Taloka a yawancin ranakun shekara, sai a ga kusan daidai yake da na Ba'indiye mai shan madara. Shi wancan zaɓa ya yi, shi kuwa wannan hali ne ya kai shi.

Likitoci sun kasa abinci kashi uku: mai ba da ƙarfi, da mai kare jiki daga cuta, da mai gina jiki. Wannan na ukun shi suke kira furotin. Da shi ake yin tsoka da jini da fata, da shi yaro yake girma, da shi rauni yake warkewa. Baligi mai nauyin kilo 60 yana bukatar wajen giram 50 kowace rana. Mai ciki da mai shayarwa suna bukatar fiye da haka. Ɗanyen naman sa kashi 20 cikin ɗari ne furotin, sauran yawanci ruwa ne da kitse. Busasshen wake kuwa yana da wajen kashi 23, gyaɗa kashi 25, gero kashi 11, dawa kashi 10, shinkafa kashi 7. Garin rogo da ƙyar yake kai kashi 1 ko 2. Saboda haka mutumin da ya ci gero giram 400 a yini, tsakanin fura da tuwo, ya riga ya sami wajen giram 44. In ya ƙara da wake giram 100 da kofi guda na nono, ya wuce giram 70, bai kuwa taɓa nama ba.

Amma akwai wani abu a ciki. Furotin kamar gini ne da ake yi da tubala iri 20. Jiki yana iya ƙera 11 da kansa, sauran 9 kuwa dole a same su cikin abinci. Nama da ƙwai da nono suna da duka taran daidai gwargwado. Gero da dawa suna da ƙarancin guda ɗaya, wanda ake kira laisin. Wake kuwa yana da shi da yawa, amma shi ma ya gaza a wani wanda hatsi yake da shi. In aka haɗa su sai kowa ya toshe giɓin ɗan'uwansa, kamar magini mai ƙasa ba ruwa ya gamu da mai ruwa ba ƙasa. A da an ɗauka lalle sai an ci su cikin kwano ɗaya. Yanzu an gane ko da safe aka ci ƙosai, da dare aka ci tuwo, ya wadatar.

Masana ba su gama gane wannan ba sai cikin ƙarni na 20, alhali kuwa gonar Bahaushe ta daɗe a kansa. Gero ɗan asalin yankin nan ne: an tono burbushinsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, wanda ya kai shekara 4,500. Wake ma ɗan Afirka ne, an sami nasa a Kintampo ta ƙasar Gana, na wajen shekara 3,700. Manomin Goronyo yakan shuka gero da ruwan fari, in ya tasa sai ya bi tsakanin kunya ya shuka wake. Geron ya sha takin da saiwar wake ke bari a ƙasa, waken ya nuna bayan an girbe gero, harawarsa kuma ta zama abincin tumaki da rani. Abin da aka haɗa a gona shi aka haɗa a tukunya: ɗanwake, da tubani, da alala, da ƙosai da kunu, da wake da shinkafa. Akwai kuma ƙwaruru, wadda mutanen Kano ke ce wa gurjiya, ita ma 'yar ƙasa ce, tana yi a jigawar da wani abu ba ya yi. Gyaɗa ce baƙuwa. Daga Amurka ta Kudu ta fito, jiragen Fotugis suka kawo ta gaɓar Afirka cikin ƙarni na 16, ta yi ta hawowa arewa hannu da hannu. Sakkwatawa suna kiranta gujjiya, sunan da a gabas ake ba wa waccan ta farko, abin da ke rikita baƙo a kasuwa har gobe.

Na biyu bayan wake shi ne nono, kuma tarihinsa a wannan yanki ya haɗu da tarihin daular Usmaniyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, don tare Gobirawa. Nan ya zauna a ƙarshen zamaninsa, nan ya rasu cikin 1837, nan kabarinsa yake. Yana cikin manufarsa ya zaunar da Fulani makiyaya a garuruwa irin wannan, su koyi karatu, su yi noma, su tsare ƙasa. Sulluɓawa da sauran Fulani suka yawaita tsakanin Wurno da Rabah. Sai ruga ta matso kusa da gona. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara su bar taki, da hantsi kuma Bafulatana ta ɗauko ƙwarya ta shigo gari, ta ba da nono ta karɓi gero. Ba a ko bukatar wuri ya shiga tsakani.

Ta haka fura, ko hura yadda mutanen wurin ke faɗi, ta zama abincin rana na kowa, sarki da talaka. Wanda ya raina fura da nono bai san abin da ke cikinta ba. Ko da an kaɗe nono an cire mai, furotin ɗinsa yana nan bai tafi ko'ina ba, kuma yana da laisin ɗin nan da gero ya rasa. Ban da haka nono yana da wani sinadari da ake kira bitamin B12, wanda ba a samunsa a hatsi ko wake ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba. Rashinsa yana kawo ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyi. Shi ya sa Turawan nan da suka bar har madara tilas su sayi ƙwayarsa su riƙa sha. Manomin Rima bai taɓa jin sunansa ba, ƙwaryar Bafulatana ta ɗauke masa wannan nauyi.

Turawan farko da suka iso ƙasar sun lura da wani abu kuma, watau daddawa. Kyaftin Kilafaton, wanda aka sani da Abdullahi, ya zo Sakkwato wurin Muhammadu Bello cikin 1824, ya koma Ingila da labarin yadda ake sarrafa kalwa a bar ta ta ruɓa, a dunƙula, a sa a miya. Cikin 1826 wani masanin itatuwa, Robat Buraun, ya raɗa wa ɗorawa suna a littattafan ilmi, ya kira ta Parkia don tunawa da Mungo Park wanda ya mutu a Busa. Bayansa Dakta Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Wurno cikin 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya ga shinkafa a fadamar gulbi, ya kuma ambaci daddawa cikin kayan kasuwannin ƙasar Hausa. Daddawa tana da furotin fiye da kashi 30 cikin ɗari. Gaskiya ne ɗan dunƙule ake jefawa cikin tukunyar gida guda, don haka abin da ke isa ga kowane baki kaɗan ne. Amma kullum ne, ba fashi, kuma ita ce ke sa miyar kuka ta yi daɗin da za a iya tashi da malmala biyu. Da yake ɗorawa ba ta da yawa a arewacin ƙasar Sakkwato kamar yadda take a kudu, matan yankin suna da tasu dabara: su tara 'ya'yan yakuwa, su dafa, su rufe su kwana biyu ko uku, su daka. Ita ce daddawar batso. Warinta ya fi na kalwa ƙarfi, kuma wanda ya tashi da ita ba ya jin miya ta cika in babu ita.

Ranar da aka gane darajar nono ita ce ranar da aka rasa shi. Cikin 1887 sojan Italiya suka shigo da shanu masu ciwon bushiya ta tashar Masawa a bakin Bahar Maliya. Cutar ta yi ta cin garke bayan garke, ta iso ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891, ƙarshen zamanin Sarkin Musulmi Umaru da farkon na Abdurrahman. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. An sa wa annobar suna Sannu, domin ba abin da za a iya ce wa mai garken da ya wayi gari da sanda kaɗai sai wannan. Fulani da yawa suka koma noma ba don suna so ba. Manomi kuwa, ko da ba shi da saniya ko ɗaya, shi ma abin ya same shi: fura ta koma ta ruwa, gona ta rasa taki. Shekaru aka yi kafin garke ya farfaɗo. Cutar ta sake dawowa sau da dama, har cikin 1983 ta yi ɓarna mai yawa a Nijeriya, ba a tabbatar an kawar da ita daga duniya ba sai 2011.

Zuwan Turawa ya ɗaga gyaɗa. Jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929, aka shiga noma ta don sayarwa da biyan haraji. Mafi yawanta jirgin ruwa ya kwashe, amma abin da ya rage a gida mata suka mai da shi sana'a: a soya, a niƙa, a matse mai, a soya tunkuza ta zama ƙuliƙuli. Da yake an fitar da mai, furotin ɗin ƙuliƙuli yakan haura kashi 40 cikin ɗari, watau ninki biyu na ɗanyen nama. Abin mamaki, an ɗauke shi abin taunar yara da almajirai. In aka daka shi aka kwaɗa zogale ko rama ko tafasa da shi, an sami abincin da likita ba zai iya kushe shi ba. Sai dai a yi hattara da gyaɗar da ta yi fumfuna. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci dusar gyaɗa, da aka bincika aka gano wata guba da fumfuna ke haifarwa, wadda ke lalata hanta. Gyaɗar da ta yi ɗaci ko ta canza launi ba ta ci ba ce, ga mutum ko ga dabba.

Likitocin gwamnati ma sun auna abincin mutanen Arewa. Dakta Makalok ya yi rubutu kan abincin Hausawa da Fulanin gida wajen 1930, Dakta Nikol kuma ya bi ƙauyuka yana auna abin da manoma ke ci daga 1940 da wani abu zuwa 1950 da wani abu. Abin da ya bayyana shi ne masu cin gero da dawa sun fi masu cin doya da rogo samun furotin nesa ba kusa ba, ko da dukansu ba su cika ganin nama ba. Magidancin da rumbunsa ke da hatsi ba ya cikin haɗari ta wannan fuska.

Wanda ke cikin haɗari shi ne yaron da aka yaye. Nan ne abincin gargajiya ya gaza, kuma bai kamata a ɓoye ba. Cikin yaro ƙarami ne, ba zai iya cin gero giram 400 ba. Abin da ake ba shi kuwa koko ne ko kunu tsararo, wanda yawancinsa ruwa ne. Cikinsa ya cika, jikinsa bai sami kome ba. In an yi sa'a an sami nama, tsoka ta maigida ce, yaro sai romo. Ƙwan zabi yana nan da damina, amma an ce yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama, maganar da ba ta da tushe ko kaɗan, ta kuwa hana yara da yawa abin da zai gina su. Cikin 1933 wata likita, Sisili Wiliyams, ta bayyana wata cuta ta yara a Ankara ta ƙasar Gana: ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta saɓule. Cikin 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka ture don an sami ƙane. Da farko an ce rashin furotin ne kaɗai ke kawo ta. Yanzu an san ƙarancin abinci gaba ɗaya, da gudawa, da ƙyanda, da zazzaɓi duk suna da hannu. A shekarun yunwa, irin su Kakalaba ta 1914 da farin 1973, yaran nan su ne suka fara faɗuwa. Garin rogo kuwa, wanda mota ta riƙa kawowa daga kudu, ya tsare rai amma bai gina jiki ba.

Maganin kuwa yana cikin gida. In aka dama kunu da kauri, aka sa masa gyaɗa niƙaƙƙiya ko garin soyayyen wake, aka zuba nono da ɗan mai, aka ba yaro sau huɗu ko biyar a yini ban da nonon uwa, ya sami abin da yake bukata. Abincin nan na cikin leda da ake ba masu tamowa a asibiti, wanda aka ƙirƙiro a Faransa cikin 1996, aka yi aiki da shi sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa bayarwa a Goronyo wajen 2012, ba wani abu ba ne illa gyaɗa da garin madara da mai da sukari, da ƙarin bitamin. Mace mai ciki kuma tana bukatar sinadarin ƙarfe don jini. Akwai shi a wake da zogale da gero, amma jiki ba ya jansa da sauƙi kamar na nama, sai an haɗa da abu irin tumatir ko lemun tsami ko garin 'ya'yan kuka. Shayi a kan abinci kuwa yana rage shi.

Daga baya abubuwa sun sake. An gama madatsar ruwa ta Goronyo cikin 1984, aka buɗe ta cikin 1992, noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa ya ƙaru. Kuɗi ya shigo, amma farar shinkafa da mai da yaji ba ta kai tuwon gero da miyar wake ba. Dunƙulen miya na kanti ya ture daddawa a gidaje da yawa, shi kuwa yawancinsa gishiri ne. Abu mafi muni, tun wajen 2018 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, suna kore shanu suna hana noma. Cikin Oktoba 2021 suka faɗa wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40. Ruga ta yi nisa da gona, nono ya yi tsada, har masu fura da yawa sun koma dama ta da madarar gari. Bushiya ce ta raba manomi da nono a 1891, wannan karon mutane ne.

Wani baƙon wake kuma ya shigo. Waken suya ɗan ƙasar Sin ne, an fara gwada shi a Nijeriya cikin 1908, Tibi na Binuwai suka riƙe nomansa shekaru da yawa don sayarwa waje. Yana da furotin kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma tubalan nan tara duk suna cikinsa gwargwado. Da farko mutane sun ƙi shi, domin ba ya dahuwa kamar wake kuma yana da gafi. Cikin shekarun 1980 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa cikin 1967, ta dage wajen koya wa mata yadda ake sarrafa shi. A jiƙa shi, a niƙa, a tace, a tafasa ruwan, a zuba ruwan tsami sai ya kama kamar cuku. A matse cikin ƙyalle, a yanka, a soya. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna yin haka. A ƙasar Hausa aka sa masa suna awara, waɗansu kuma suna ce masa ƙwai da ƙwai. Yau ana soya ta a bakin makarantu da tashoshin mota daga Sakkwato har Goronyo, ana barbaɗa mata yaji, kuma yawancin masu sayenta yara ne.